Agogon Kwamfuta, Mai Shaidar Da Ba A Rantsarwa

Na san shafukan wannan mujalla sun fi sabawa da kukan kuɗin makaranta, da rashin ruwa a ɗakunan kwana, da yajin aikin malamai. Ni kuwa yau da maganar agogo na zo, watau ɗan agogon nan da ke maƙale a kusurwar allon kowace kwamfuta da kowace waya, wanda ba mai tambayarsa inda ya samo labarinsa. Ra'ayina shi ne, wannan agogo ya zama mai ba da shaida a kan dukiyarmu da jarrabawarmu da ƙuri'armu, alhali kuwa da wuya ka sami ofishin da aka ɗora wa wani alhakin duba gaskiyarsa. Kafin a ce ɗan kimiyya ya rasa abin faɗi, bari in ba da labarin abin da ya faru a gaban idona.

A watan Fabrairu na 2023, sa'ad da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ina gida Furfuri ina taya kawuna zama a rumfarsa ta hatsi. Wata rana da la'asar mutum biyu suka sayi gero buhu ɗai-ɗai a kan kuɗi ɗaya: wani dattijo daga ƙauyen da ke kusa da mu, da wani saurayi mai kai kaya Gusau. Dukansu ta hannun mai POS guda suka biya, kowa ya dawo da 'yar takardarsa. Ta dattijon tana cewa ƙarfe 4:10, ta saurayin kuwa 4:19. Amma saƙo ɗaya tak ya shigo wayar kawu, da sunan mai POS ɗin, yana cewa kuɗi sun shiga da ƙarfe 4:19. Nan take 'yan kallo suka yanke hukunci. Kawu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, naka bai shigo ba, ga shi lokaci ya nuna." Dattijo ya dube shi ya ce, "Yaro, na haifi kamarka, ban kuwa taɓa cin ƙwayar hatsin wani ba." Duk da haka aka sauke buhun daga kan jakinsa a bainar jama'a.

Sai bayan kwana takwas, da kawu ya sha layin banki a Gusau, lambar cinikin ta fito da gaskiya. Ashe agogon na'urar mai POS yana baya ne da minti tara. Takardar da ta ce 4:10 ita ce aka buga da ƙarfe 4:19 na ainihi, watau kuɗin dattijo ne suka shiga. Na saurayin ne suka maƙale a hanya, daga baya aka mayar da su. Kawu ya kai wa dattijo geronsa har gida, ya ba shi haƙuri, shi kuma ya ce ya yafe. Amma har yau bai sake tsayawa a rumfarmu ba. A cikin mutum huɗun nan ba wanda ya yi ƙarya. Agogo ne ya yi shaidar zur, ba kuwa wanda ya kai shi ƙara.

LOKACI ALKAWARI NE

Kakanninmu ba su taɓa amince wa agogo irin yadda muka amince masa ba. Ladan yakan duba karkatar rana ya kira azahar, ya auna tsawon inuwa ya kira la'asar. Lokacin ofis da na tasha daga baya ya shigo. A 1919 ne aka ajiye Nijeriya a kan awa ɗaya gaba da lokacin Girinwic na Ingila, a 1929 kuma layin dogo daga Zariya ya ratsa ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda, jirgin ƙasa kuwa ba ya jiran inuwa. Wannan lokaci na hukuma an gina shi ne a kan layin da ke can gabas da Maiduguri, shi ya sa a Furfuri rana ba ta kai wa tsaka sai kusan ƙarfe goma sha biyu da rabi. Ashe ke nan "ƙarfe goma sha biyu" yarjejeniya ce tsakanin mutane. Yarjejeniya kuwa tana bukatar mai kula da ita.

Kakana ya fahimci haka. Kowace safiya yakan kunna akwatin rediyo, ya saurari Kaduna ko sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, da an faɗi lokaci sai ya zare agogonsa ya murza. Ya san agogonsa yana kaucewa, ya san inda zai sami wanda ya fi nasa, ya kuma mai da gyaran aikin kullum. Mu jikokinsa mun fi shi kayan aiki, amma mun bar waɗannan abubuwa uku.

ME KE SA SHI KAUCEWA

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan tsakin dutse mai suna kwaz, wanda in an sa masa lantarki yakan yi karkarwa. Irin wanda ke cikin agogon hannu, da wanda ke riƙe wa kwamfuta lokaci sa'ad da take kashe, yana karkarwa sau 32,768 a sakan ɗaya. Na'ura tana ƙirga karkarwar, in ta cika sai ta ce sakan ya wuce. To, amma ba duwatsu biyu da aka sassaƙa daidai wa daida. Dutsen da ya kauce da kashi 20 cikin miliyan, wanda masu ƙera su ke ɗauka ba laifi ba ne, zai yi kuskuren kusan sakan biyu a yini, watau kusan minti ɗaya a wata, fiye da minti goma a shekara. Minti taran da ya zubar da mutuncin dattijon nan bai bukaci wani mugun nufi ba. Watanni kawai ya bukata, da rashin mai dubawa.

Ƙasarmu kuma tana ƙara wa borno dawaki. Irin wannan dutse an yi shi ne ya fi daidaita a zafi mai ma'auni 25, in zafi ya hau ko ya sauka daga nan sai ya rage gudu. A bazara, sa'ad da ofis marar fanka ya kai ma'auni 40, zafi kaɗai yakan ci fiye da rabin sakan a yini. Ga kuma ɗaukewar wuta. Duk sa'ad da aka kashe kwamfuta, ɗan batiri mai kamar kwabo ne ke riƙe agogonta. In ya mutu, sai ta farka tana cewa muna wata shekara da ta daɗe da wucewa.

Wanda ya fi kowa daidai a duniya shi ne agogon ƙwayar zarra. Tun 1967 aka amince cewa sakan ɗaya shi ne tsawon kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ƙwayar siziyam ke fitarwa. Daga irin waɗannan agogo ake fitar da lokacin duniya na bai-ɗaya da ake kira UTC, taurarin ɗan Adam na GPS kuma suna ɗauke da agogon zarra suna watso lokaci kyauta. Saboda haka lokaci na gaskiya yana nan, ba ya ɓuya. Wahalar tana wajen shigar da shi cikin kwamfutar da ke kan teburinka ba tare da ya tsufa a hanya ba. A nan ne kuwa maganata ta fi nauyi.

TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Muna ganin kwamfuta tana buga takarda, tana kiɗa, tana karɓar saƙo, duk a lokaci guda, sai mu zaci hannu goma gare ta. A gaskiya kowace ƙwaƙwalwa da ke cikinta aiki ɗaya take yi a kowane ƙiftawar ido. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ko Windows ce, ko Linux, ko Android, ita ke yanka lokaci gunduwa-gunduwa, ta ba wannan aiki 'yan milisakan, ta janye shi, ta ba wancan. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan, maikirosakan kuwa kashi ɗaya cikin miliyan. Wannan dabara ta karɓa-karɓa tsohuwa ce, tun 1961 aka gwada ta a cibiyar MIT ta Amurka. Kwamfutocin yau suna da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas, amma ayyukan da ke neman su ɗaruruwa ne, don haka layi bai ƙare ba.

Ku da ke aikin ofis za ku fi kowa gane wannan. A ɗauka akawu ɗaya ne a rajista, ga tulin fayil, ga waya tana ƙara, ga shugaba yana kira. Masinja ya iso da takarda da ƙarfe tara daidai, ya tsaya a layi. Akawu bai kai kansa ba sai tara da kwata, ya dubi agogon bango ya rubuta "an karɓa 9:15". Agogon bango bai yi kuskure ba, akawu bai yi ha'inci ba, amma abin da ke cikin rajista ba lokacin isowa ba ne. Haka yake faruwa a cikin kwamfuta. Saƙon da ke ɗauke da lokaci yakan iso bakin katin sadarwa, katin ya ƙwanƙwasa wa babbar manhaja, ita kuma mai yiwuwa tana tsakiyar wani aikin da ba ta iya saki. In ta saki, ta karɓi saƙon, sai ta tayar da manhajar da ke gyara agogo, wannan ma ta bi layi. Kafin ta dubi agogo ta rubuta, lokacin da saƙon ya kawo ya riga ya tsufa.

Da a ce wannan jinkiri ɗaya ne kullum, da sai a auna shi sau ɗaya a riƙa cirewa. Matsalar ita ce ba shi da tabbas: in na'ura tana hutawa, 'yan maikirosakan ne, in aiki ya yi mata yawa, ya iya kai milisakan da dama. Har wa yau, manhaja takan karanta agogo daidai, amma kafin ta rubuta abin da ta karanta a janye ta daga layi, ta dawo ta rubuta tsohon labari. Wani lokaci kuma agogon manhaja ne kansa ke tafiya da tsalle. A Windows, alal misali, bugun agogo na asali sau 64 ne a sakan, watau kowane milisakan 15.6, don haka manhajar da ta dogara da shi za ta ba abubuwa biyu da suka faru cikin bugu guda lokaci iri ɗaya, ba a san na farko ba.

Maganin da masana suka samo shi ne wanda kowane babban sakatare mai hankali zai bayar: a ba maigadi hatimi, ya buga lokaci a bakin ƙofa, kafin takarda ta shiga layi. Ƙa'idar PTP, wadda aka fitar a 2002 aka kuma sabunta a 2008, takan yi aiki da katin sadarwa mai agogon kansa, wanda ke buga lokaci a daidai shigar saƙo da fitarsa. Ta haka a cikin gini ɗaya ana iya daidaita na'urori zuwa ƙasa da maikirosakan guda. Akwai kuma ba manhajar agogo fifiko, ta yadda in ta zo kowa zai kauce mata. A 2024 ne aka shigar da gyaran da ke tabbatar da irin wannan fifiko, mai suna PREEMPT_RT, cikin ainihin Linux, bayan kusan shekara ashirin ana aiki a kansa.

AIKE ZUWA GUSAU

Saura jinkirin hanya. Yawancin kwamfutocin duniya suna samun lokaci ta intanet ne bisa tsarin NTP, wanda Farfesa David Mills, malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya tsara. An wallafa shi a 1985, shi kuwa Mills ya rasu a watan Janairu na 2024. Hikimar tsarin ba ta fi ƙarfin ɗan firamare ba.

A ce ina Furfuri, ina so in daidaita agogona da wani sahihin agogo a Gusau. Na aiki ƙanena a kan keke da ƙarfe 8:00 a agogona. Da ya isa, agogon can yana cewa 8:40. Ya huta, ya taso da 8:50 a agogon can, ya iso gida da 9:10 a nawa. Duka tafiyar minti 70 ce, a cire minti 10 na hutu, saura 60 a kan hanya, watau 30 zuwa, 30 dawowa. Ke nan sa'ad da agogon Gusau ya ce 8:40, nawa yana 8:30. Ina baya da minti goma, sai in tura shi gaba. Lokuta huɗun nan su ne ainihin abin da kwamfutoci ke musanyawa, sai dai su a cikin ƙiftawar ido.

To, amma mai lura zai ga inda gizo ke saƙa. Wa ya ce zuwa da dawowa daidai suke? In da iska ta tare shi ya yi minti 40 a zuwa, ta kuma turo shi ya yi 20 a dawowa, to, agogona daidai yake tun farko, da hannuna na ɓata shi da minti goma. Kuskuren kullum rabin bambancin zuwa da dawowa ne, kuma ba yadda za a gane shi daga lokuta huɗun nan kaɗai. Shi ya sa manhajar takan yi aike da yawa ta fi amincewa da wanda ya fi saurin dawowa, takan kuma tambayi agogo uku ko huɗu, domin in ɗaya ya kauce sauran su ƙaryata shi. Daga nan darasi ya fito fili: gwargwadon nisan agogon da kake tambaya, da cunkoson hanyar da ke tsakaninku, gwargwadon shakkar da ke cikin amsar. Kwamfutar da ke Bunguɗu ko Tsafe, tana tambayar lokaci daga Turai ta layin waya mai zuwa yana yankewa, ba za ta yi kafaɗa da wadda ke tambayar maƙwabciyarta a ɗaki na gaba ba.

Gyaran kansa ma yana da ladabi. In an ga agogo yana gaba, ba a finciko shi baya kai tsaye, domin sai rajista ta nuna an cire kuɗi kafin a zuba su. Akan rage masa gudu ne kaɗan-kaɗan har ya daidaita. A tsarin NTP na asali, gyaran sakan ɗaya ta wannan hanya yakan ci fiye da rabin awa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke shakkar haɗarin taɓa agogo ya tuna da daren 30 ga Yuni, 2012, sa'ad da aka ƙara sakan ɗaya a lokacin duniya don ya dace da juyawar ƙasa. Wani kuskure a cikin Linux ya sa na'urori da yawa suka ruɗe, manyan shafukan intanet suka tsaya, jiragen kamfanin Qantas suka yi jinkiri a Ostareliya. Sau 27 aka yi irin wannan ƙari daga 1972 zuwa 2016, a 2022 kuwa taron ma'aunai na duniya ya yanke shawarar a daina shi nan da 2035.

"ANA TA KAI WA KE TA KAYA?"

Na san abin da wani zai ce, domin abokin ɗakina ya riga ya faɗa mini. Ya ce mutanen da ba sa iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, waɗanda wutar lantarki ke ziyartarsu kamar baƙo, su ne za ka yi wa wa'azin maikirosakan? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ban kuma ce a bar tsaro a kama agogo ba. Haka nan na yarda ba kowane aiki ke bukatar daidaito iri ɗaya ba. Takardar ciniki a kasuwa da ɗakin jarrabawa, sakan ɗaya ya ishe su. Littafin banki, inda ciniki da yawa ke shiga cikin sakan guda, milisakan yake so. A Tarayyar Turai, tun 2018 doka ta tilasta wa masu cinikin hannun jari na gaggawa kada agogonsu ya kauce da fiye da maikirosakan 100. Wutar lantarkinmu kuwa tana juyawa sau 50 a sakan, kowane juyi milisakan 20, don haka wanda ke binciken faɗuwar babban layin wuta na ƙasa, irin wadda muka sha gani a 2024, ba zai san wace tasha ta fara sakin layi ba sai in agogon tashoshin sun yi daidai ƙwarai. Ko Amurka da Kanada, bayan babban duhun 14 ga Agusta, 2003, wanda ya shafi mutum kusan miliyan 50, masu bincike sun sha wahalar jera abubuwan da suka faru, domin agogon na'urorin ba su yi daidai da juna ba.

Amma amsata ga abokina ita ce, talaka ne ya fi kowa bukatar agogo mai gaskiya. Mai hali yana da lauya, yana da wanda zai kira a banki. Dattijo mai jaki ba shi da komai sai 'yar takardarsa. Mun kuwa riga mun miƙa wa na'ura amanarmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta tantance masu ƙuri'a. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar takardar da kwamfuta ta fitar, bisa sharaɗin cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata. To, ina tambayar 'yan'uwanmu masu karatun shari'a: na'urar da agogonta ya kauce da minti tara, tana aiki yadda ya kamata? Mutum in zai ba da shaida sai an rantsar da shi, an kuma binciki adalcinsa. Don me za a karɓi ta agogo ido rufe?

Mu mutanen Zamfara muna da wani dalili da wasu ba su da shi. A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba intanet. A wannan lokaci duk na'urar da ta saba karɓar lokaci ta layi ta koma dogara da ɗan dutsenta. Amma taurarin GPS ba su daina wucewa ta samanmu ba. Ofishin da ke da 'yar eriya a kan rufi ba zai rasa lokaci ba ko da an rufe layi shekara guda.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

Na farko, jami'o'inmu su zama masu riƙe lokaci ga yankunansu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, kowacce ta kasance da kwamfutar raba lokaci. Wadda take da ita ta buɗe wa maƙwabta, wadda ba ta da ita ta kafa, su kuma riƙa gwada ta juna. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, da na'urar karɓar GPS mai ba da bugu ɗaya a farkon kowane sakan, da batiri da ɗan faifan sola, da manhajar chrony wadda kyauta ce. Duka ba su kai kuɗin babbar waya ɗaya ba. Da yake GPS na Amurka ne, a zaɓi na'urar da ke jin taurarin Galileo na Turai da BeiDou na Sin, don kada a rataye kai a igiya ɗaya. Wannan aikin kammala digiri ne da ya fi kwafe-kwafen da muke yi amfani nesa ba kusa ba, ina kuma roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta kai maganar gaban hukumar makaranta.

Na biyu, ku yayyenmu da ke ofisoshi, duk sa'ad da aka kawo takardar kwangilar sayen na'urori ko manhaja, ku yi tambaya uku: daga ina agogonta ke samun lokaci, iyakar kaucewarsa nawa ne, kuma ina ake rubuta gyaran da aka yi masa? A sa wa ma'aikaci ɗaya wannan aiki da sunansa, kamar yadda ake sa wa wani makullin sito. A hana kowa murza agogon kwamfutar ofis da hannu, a kuma riƙa canza ɗan batirin nan kafin ya mutu.

Na uku, mu masu koyon rubuta manhaja mu bambance agogo biyu da ke cikin kowace babbar manhaja: na bango, mai faɗin rana da awa, wanda ake iya turawa gaba ko baya, da mai ƙirga tsawon lokaci, wanda ba ya komawa baya har abada. Wanda ya auna awa biyun jarrabawa da na bango, ran da aka gyara agogo ana tsakiyar rubutu zai ƙwace wa ɗalibi mintocinsa. Kada kuma mu yanke wane abu ya riga wane ta hanyar gwada lokacin na'urori biyu kawai. Tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa jerin lambobi masu bin juna sun fi agogo iya tsare wannan tsari. Lambar ciniki ce ta wanke dattijon nan bayan agogo ya ɓata shi.

Na huɗu, ga sauran jama'a: in gardama ta tashi a kan biyan kuɗi, a duba lambar ciniki kafin a duba lokaci, a kuma jinkirta hukunci. Mai POS kuwa ya gwada agogon na'urarsa da na wayarsa kowace safiya kafin ya buɗe laima, in ya ga bambanci ya sanar da waɗanda suka ba shi ita.

Mun daɗe muna yi wa kanmu dariya cewa ba mu san darajar lokaci ba, taron ƙarfe huɗu sai biyar da rabi. Ni ban yarda wannan halinmu ne na asali ba. Al'ummar da ke tashi kafin alfijir cikin azumi tana ƙirga mintocin sahur, wadda ba ta kai ruwa baki sai ta tabbatar rana ta faɗi, ba za a ce ba ta iya tsare lokaci ba. Abin da ya rage shi ne mu kai wannan kulawa cikin ɗakunan kwamfutocinmu, mu da aka kashe kuɗin jama'a aka koya mana yadda suke aiki. Kakana da rediyonsa ya sauke nasa nauyin kowace safiya. In har wani dattijo ya sake jin kunya a kasuwa saboda agogon na'ura, to, alhakinsa yana wuyan waɗanda suka sani suka yi shiru. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ƙarama da babba, amin.